Abin da Na'urar Situdiyo Ba Ta Iya Bayarwa

Idan abokan kiɗa na samartaka suka sake haɗuwa a situdiyo, babban jarinsu shi ne sanin hannun juna. Ƙungiyar Orchestra Baobab, wadda aka kafa a Dakar a 1970, ta watse a 1987, har mai jitarta Barthélémy Attisso ya koma aikin lauya a Lome. Da suka dawo, faifansu na 2002 ya zagaya duniya. Wasu za su ce yatsu sun yi sanyi, zamani ya wuce su. Gaskiya ne sai da Attisso ya koma atisaye, amma atisaye na farfaɗo da yatsu, injiniya na tace sauti, fahimtar juna kuwa shekaru kaɗai ke gina ta. Da tsohuwar zuma ake magani.