Sabo daban, mai tsabta daban

Jama'a, ni ba mashayi ba ne, amma hikima kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta sai ya ɗauka. A wani zama da na yi a Amurka, na tarar da maƙwabcina yana wanke sabon tulun ƙarfe mai cin lita 19 da ya saya domin giyar da yake dafawa a gida, abin da wata dokar tarayya ta 1978 ta halatta musu. Na ce masa, mene ne na wanke abu sabo dal?

Ya ce masana'anta kan bar man inji da ƙurar ƙarfe a ciki. Don haka sai ya kwance murfi da bututu, ya jiƙa su a ruwan zafi da sinadarin wanki, ya ɗauraye, sannan ya zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba ya sa bilic, domin yana cin ƙarfen. Tun 1876 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke lalata abin sha irin wannan.

A matsayina na ɗalibin harshe, na lura mukan ji "sabo" mu fahimci "mai tsabta". Kunun zaki da zoɓon da 'ya'yanmu ke sha su ma abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Idan sabon mazubi na buƙatar wanki biyu, ina ga robar da aka tsinto a gidan biki? Masu sana'a da hukumomin lafiya, ƙalubale gare ku.