Zohran Mamdani da Unguwar Astoria: Aikin da Ya Riga Kujera

Tun ranar 4 ga Nuwamba, 2025, da Zohran Mamdani ya lashe zaɓen magajin garin Niyok a Amurka, abin da ya fi yawo a bakin Musulmi shi ne cewa a karon farko Musulmi ya hau wannan kujera. Farin cikin yana da dalili. Sai dai mutanen da suka fara kaɗa masa ƙuri'a, shekara biyar kafin nan, sun san shi ne ta hanyar kuɗin haya da bashin gidaje, tun sunansa bai fita daga unguwa ba.

An haife shi a Kampala, babban birnin Yuganda, a 1991. Mahaifinsa, Farfesa Mahmood Mamdani, masanin siyasa da tarihin Afirka ne, Musulmi ɗan asalin Indiya, kuma yana cikin waɗanda Idi Amin ya kora daga ƙasar a 1972. Mahaifiyarsa, Mira Nair, mai shirya fina-finai ce. An raɗa masa Kwame a tsakiyar sunansa don girmama Kwame Nkrumah na Gana. Yana da shekara bakwai iyalin suka koma Niyok, bai kuwa zama ɗan ƙasar Amurka ba sai a 2018. Masu adawa da shi sukan ce ɗan gata ne wanda bai ɗanɗani talauci ba, kuma a kan gidan da ya fito ba su yi ƙarya ba.

Aikinsa kafin siyasa shi ne bai wa masu gidaje shawara a yankin Queens, mutanen da banki ke shirin karɓe wa gida saboda sun gaza biyan bashi. Yawancinsu baƙi ne masu ƙaramin ƙarfi, wasu ma Turancin takardun da suka sa wa hannu bai zauna musu ba. Mai irin wannan aiki yakan wuni yana duba takardu yana kiran banki, yana neman a sassauta ko a ƙara wa'adi. Wanda ya zauna da magidancin da ake shirin fitarwa da iyalinsa, ya san abin da bashi mai ruwa ke yi wa gida.

A 2020 ya nemi wakiltar Astoria a majalisar dokokin jihar. Unguwa ce da aka daɗe da saninta da Girkawa, daga baya Larabawa suka cika wani sashe na titin Steinway da shaguna da gidajen abinci har ake kiransa Ƙaramar Masar. Ya kara da Aravella Simotas, wadda ta shekara goma a kan kujerar, ya kayar da ita a zaɓen fid da gwani da ratar da ba ta kai ƙuri'a 500 ba.

Abin da ya fi bayyana halinsa ya faru a 2021. A Niyok, mai son mallakar tasi mai launin ɗorawa sai ya sayi lasisi na musamman, wanda farashinsa ya taɓa haura dala miliyan ɗaya. Direbobi da dama, akasarinsu baƙi daga Kudancin Asiya da Afirka da wasu sassa, sun ci bashi mai nauyi sun saya, suna ganin sun ajiye wa 'ya'yansu gado. Da Uber da makamantansa suka shigo, darajar lasisin ta zube, bashin kuwa yana nan daram. A 2018 wasu direbobi sun kashe kansu saboda ƙuncin, Allah Ya kiyashe mu. Da ƙungiyar direbobin ta yada zango a gaban ofishin magajin gari, Mamdani ya shiga yajin cin abinci tare da su har kwana 15. A Nuwamba aka cimma yarjejeniyar da ta rage bashin kowane direba da abin ya shafa zuwa abin da bai wuce dala 170,000 ba, hukumar birni ta tsaya musu lamuni. Ƙungiyar ce ta yi shekaru tana wannan fafutuka, kuma yabon nata ne kafin na kowa. Nasa shi ne ya kwana da yunwa a gefensu alhali yana da ofis.

Ya kuma taimaka aka gwada hawa bas kyauta a layuka biyar daga 2023. Gwajin ya yi shekara guda, ba a sabunta shi ba.

Mai karatu ya sani cewa Mamdani ɗan gurguzu ne mai bin tafarkin dimokuraɗiyya, kuma akwai matsayinsa a kan wasu al'amuran zamantakewa da malamanmu ba za su amince da su ba. Ƙuri'un da suka kai shi ga nasara sun fito daga Kirista da Yahudawa da marasa addini, tare da Musulmi.

Ya sha rantsuwa da Alƙur'ani a ranar 1 ga Janairu, 2026. Manyan alƙawuransa biyu ba a hannunsa kaɗai suke ba: hana ƙarin kuɗin haya a gidajen da doka ta ƙayyade wa farashi sai wani kwamiti da magajin gari ke naɗawa ya amince, motocin bas kuwa suna ƙarƙashin hukumar sufuri da gwamnatin jiha ke riƙe da akalarta.