Sabunta Kwamfutocin Kan Tebur: Abin da Kamfanoni ke Tallatawa da Abin da 'Yan Kasuwar Kafanchan ke Bukata

KAFANCHAN: A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina bayar da gyare-gyaren tsaro kyauta ga manhajarsa ta Windows 10, wadda ya fitar tun a watan Yuli na shekarar 2015. Wannan mataki da aka yanke a wata duniya mai nisa ya shafi kowane shagon buga takardu, da kowace cibiyar rubuta jarrabawa, da ofisoshin makarantu da na ƙungiyoyin gama-kai da ke garin Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, inda akasarin kwamfutocin kan tebur na hannu ne, waɗanda aka gama cin moriyarsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin a shigo da su ƙasar nan.

Na'urorin ba su daina aiki ba a wannan rana, kuma ba za su daina ba. Abin da ya canja shi ne, duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a jikin manhajar daga wannan lokaci, kamfanin ba zai toshe ta ba sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Ga mai shagon da ke cike wa jama'a takardun neman aiki, ko yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ko shiga asusun banki da na'urarsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin amanar bayanan mutane ce a hannunsa.

Sharuɗɗan sabuwar manhaja

Manhajar da ta gaji ta da, wato Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana da sharuɗɗan da suka fi na magabaciyarta tsauri. Tana bukatar ma'adanar aiki ta wucin gadi da ake kira RAM da ba ta gaza gigabait 4 ba, da wurin ajiya na gigabait 64, da kuma wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. Sharaɗin da ya fi kowanne ciwo shi ne na ƙwaƙwalwar sarrafawa, wato furosesa: in dai ta kamfanin Intel ce, a mafi yawan lokuta sai ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara shiga kasuwa a 2017, in kuwa ta AMD ce, sai daga jerin Ryzen 2000 na shekarar 2018.

Ma'anar wannan ita ce, kwamfutar da ke ɗauke da furosesa ta zubi na 3 ko na 4 ko na 6, irin waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu a Nijeriya, ba ta cikin waɗanda kamfanin ya amince su hau sabuwar manhajar, komai lafiyarta. Masu gyara sun san dabarun tsallake sharuɗɗan, sai dai Microsoft ya bayyana cewa ba ya ɗaukar alhakin na'urar da aka ɗora wa manhajar ta wannan hanya, kuma babu tabbacin za ta ci gaba da samun gyare-gyare.

Shirin ƙarin wa'adin ma da kuɗinsa. Ga kamfanoni, farashinsa dala 61 ne kan kowace na'ura a shekarar farko, ya ninka zuwa dala 122 a ta biyu, sannan dala 244 a ta uku, jimla dala 427. Wannan adadi ya haura kuɗin sayen wata kwamfutar ta hannu da ta cika sharuɗɗan. Ga ɗaiɗaikun jama'a kuwa, an tsara ƙarin wa'adin na shekara guda ne, zuwa 13 ga Oktoba na 2026.

Dalilin da ya sa abin ya shafi yankin

Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, gari ne da ya bunƙasa a matsayin mahaɗar layin dogo tun cikin shekarun 1920. Bayan da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, makarantu sun zama ɗaya daga cikin ginshiƙan cinikin garin. Akwai harabar Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma, da Kwalejin Ilimi ta Jiha da ke Gidan Waya, sannan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Aikace-aikace a Kachia. Duk inda ɗalibai suka taru, a nan shagunan buga takardu da ɗaukar hoton fasfo da haɗa kundin kammala karatu suke samun abinci.

Bugu da ƙari, tun daga 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma ma'aunin da ta gindaya wa cibiyoyin da take amincewa da su shi ne na'urori 250 a zaure guda, ban da na ko-ta-kwana. Hukumar WAEC ta fara gwada wannan tsari ga masu zana jarrabawa na ƙashin kansu a 2024, yayin da a 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnati ta mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Kowane mataki da aka ɗauka a wannan hanya ƙarin bukata ce ta na'urori a Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kachia, ba a manyan birane kaɗai ba.

Idan mai cibiya guda zai biya dala 61 kan na'urori 250, zai kashe dala 15,250 a shekarar farko kawai, ba tare da ya ƙara wa na'ura ko ɗaya sauri ba.

Tsadar dala da tsadar kayan gyara

Wannan bukata ta zo ne a daidai lokacin da aljihun 'yan kasuwa ya yi rauni. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, ana canjar da dala guda a hukumance kan kimanin Naira 460. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Da yake daga waje ake shigo da kusan kowane ɓangare na kwamfuta, farashin ya bi dala sau da ƙafa tun daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, zuwa Banex a Abuja da titin Beirut a Kano, kafin a ɗora kuɗin mota da ribar dillali a kawo Kafanchan.

Har ila yau, daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya. Kamfanoni uku ne ke riƙe da mafi yawan wannan kasuwa, wato Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, kuma dukkansu sun karkata masana'antunsu ga biyan bukatun manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka fi kawo riba. A watan Disamba na 2025 Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da kayansa masu tambarin Crucial ga ɗaiɗaikun masu saye. Ke nan ɓangaren da a da ya fi kowanne arahar sabuntawa ya shiga sahun masu tsada.

Bambancin talla da bukata

Abin da manyan kamfanoni ke tallatawa a wannan zamani shi ne kwamfutoci masu wata ƙwaƙwalwa ta musamman don ayyukan ƙirƙirarriyar basira, waɗanda Microsoft ya ƙaddamar da su a 2024 da sunan Copilot+, tare da RAM samfurin DDR5 da katunan hoto masu ƙarfi. Amma aikin da ake yi a shagon buga takardu na Kafanchan bai wuce rubutu da Microsoft Word, da lissafi da Excel, da zanen katin biki da kalanda da CorelDraw, da cike fom a intanet ba. Irin wannan aiki ba ya bukatar ko kaɗan daga cikin waɗancan abubuwa.

Bukatar mai shago ta kasu kashi huɗu. Ta farko ita ce na'urar da ba ta shan wuta da yawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a cikin 2024, kuma a watan Afrilu na wannan shekarar aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin Band A daga Naira 68 zuwa 225 kan kowace kilowat a awa. Tsohuwar kwamfutar kan tebur tare da allonta na iya jan wat 150, alhali ƙaramar kwamfuta ta zamani mai girman littafi, tare da allo mai fitilar LED, ba ta cika wuce wat 40 zuwa 50 ba a aikin ofis. A zauren da ke da na'urori 250, wannan bambanci ne tsakanin kilowat 37.5 da kimanin kilowat 12, wato tsakanin babban janareta mai shan dizal da tsarin da farantan sola da batura za su iya ɗauka.

Ta biyu ita ce juriya ga ƙura da zafi da wutar da ke yawan ɗaukewa. Ƙurar hunturu na toshe fanka da kafofin iska, furosesa ta yi zafi ta rage gudu, yayin da ɗaukewar wuta ba zato ke lalata faifan ajiya mai juyawa. Ta uku ita ce samun kayan gyara a kusa, ta yadda mai gyara na cikin gari zai buɗe na'urar da sukundireba ya musanya abin da ya lalace a rana guda. Ta huɗu kuwa ita ce farashin da ciniki zai iya mayarwa cikin watanni, ba shekaru ba.

Darasi daga Bayan Loko

Waɗannan bukatu ba baƙi ba ne a Kafanchan. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take da mazauni a unguwar Bayan Loko, ta yi suna wajen koyar da kwamfuta a karkara da na'urorin hannu da aka sake gyarawa, har ma cibiyarta ta koyo ta samu lambar yabo ta Hafkin ta nahiyar Afirka a 2001. Da ta ga yadda zafi da ƙura da rashin tsayayyar wuta ke kashe na'urorin da aka ƙera domin ofisoshi masu sanyi, sai ta haɗa gwiwa da kamfanin ExpLAN na Ingila a shekarun 2000 kan wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara ta yi aiki da hasken rana, ba tare da sassa masu juyawa ba, tana jan ƙasa da wat 10.

Solo ba ta yaɗu a kasuwa ba, amma dabarar da ke bayanta ta tabbata. Abubuwan da ta sa a gaba, wato ƙarancin shan wuta da ajiya marar juyawa, su ne a yau suka zama ruwan dare a ƙananan kwamfutocin da manyan kamfanoni ke ƙerawa. Wato abin da Kafanchan ta nema shekaru ashirin da suka wuce, sai daga baya kasuwar duniya ta iso gare shi.

Hanyoyin da ke gaban mai shago

Ga wanda na'urarsa ta cika sharuɗɗan Windows 11, sauyawar kyauta ce muddin manhajarsa ta asali ce, kuma gyara mafi amfani shi ne cire tsohon faifai a sa ma'ajiyar SSD. Faifai mai juyawa na karanta kimanin megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na yau da kullum na kaiwa 500, ga shi ba ya tsoron girgiza. Daga nan sai ƙara RAM zuwa gigabait 8, tare da lura cewa DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna.

Ga wanda na'urarsa ba ta cika sharuɗɗan ba, zuba kuɗi mai yawa a kanta asara ce, domin sauya furosesa zuwa sabon zubi na tilasta sauya babban allon na'urar, sau da yawa har da RAM. Abin da ya fi masa shi ne ya nemi ta hannu mai zubi na 8 ko sama, ya kuma duba lambar furosesar da idonsa a cikin na'urar kafin ya biya, domin tambarin Core i5 ko Core i7 da ke manne a jiki ba koyaushe yake nuna zubi ba. Akwai haɗarin cewa na'urorin da ofisoshin ƙasashen waje suka yasar saboda wannan sauyi su ne za su kwararo kasuwannin Afirka da araha mai ruɗi.

Tsofaffin na'urorin ma ba su zama shara ba. Wadda aikinta buga takarda ne kawai za a iya cire ta daga intanet ta ci gaba da aiki, a riƙa lura da filashin da abokan ciniki ke kawowa. Wadda kuma ake shiga intanet da ita za a iya ɗora mata manhajar Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna samun gyaran tsaro, sai dai CorelDraw ba shi da samfurin da aka yi domin su. Masu cibiyoyin jarrabawa kuwa wajibi ne su tuntuɓi ƙa'idojin hukumar da ta ba su izini kafin su taɓa komai.

Akwai kuma damar ciniki a cikin lamarin. Sauya faifai, da kwashe bayanai, da share ƙura, da haɗa sola da inbata, duk ayyuka ne da matasan yankin da suka koyi sana'ar za su iya yi. Idan masu shaguna suka haɗa kai ta ƙungiyoyinsu suka yi sari guda daga Legas ko Abuja, za su rage kuɗin mota, su kuma sami bakin neman garanti a rubuce daga dillali. Mai shagon da ya fara da lissafin kuɗin man da yake ƙonawa a wata, sannan ya auna shi da farashin na'ura mai tsimin wuta, shi ne zai san ko lokacin sauyi ya yi masa ko kuwa da saura.