Kyarkecin Yellowstone Tsakanin Makiyayi, Maharbi da Doka

A ranar 12 ga Janairun 1995 aka shigo da kyarketai takwas gandun dajin Yellowstone da ke yammacin Amurka, kowanne a cikin akwatin ƙarfe, bayan an kamo su a lardin Alberta na Kanada. Ba a buɗe akwatunan nan take ba. Ƙungiyar manoma da makiyaya ta riga ta garzaya kotu, alƙalai kuma suka ce a dakata tukuna. Haka dabbobin suka shafe sa'o'i a kulle, ana shari'a a kansu tun ƙafarsu ba ta taka ƙasar ba. Daga ranar zuwa yau ba a rufe wannan muhawara ba.

Wanda ya hango kyarkecin nan daga nesa zai ce ƙaton kare ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, domin karen gida daga tsatsonsa ya fito. Ya fi kyarkecin dazukan Afirka girma nesa ba kusa ba. Namiji yakan kai kilo 50, ga dogayen ƙafafu, ga faffaɗan tafi da ke hana shi nutsewa a dusar ƙanƙara. Wani ruwan toka, wani baƙi ƙirin. Amma ƙarfinsa na gaske a dangi yake. Garken kyarketai iyali ne: uba da uwa da 'ya'yan bana da na bara, galibi kimanin goma. Macen kan ɗauki ciki kwana 63, ta haihu a rami cikin watan Afrilu, 'ya'ya huɗu zuwa shida, idanunsu a rufe. Daga nan reno ya zama aikin kowa. Yayye su tafi farauta, su cika ciki da nama, su dawo bakin rami su amayar wa ƙannensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kyarkeci ya san haka tun yana ɗan tsako.

Babban abincinsa a wannan yanki wata ƙatuwar barewa ce da suke kira elk, wadda ta ninka shi nauyi sau huɗu ko biyar. Ba shi da faratan zaki, ba ya iya shaƙe wuya nan take. Haƙori da juriyar gudu su ne duk makamansa. Mafi yawan fitarsa farauta hannu biyu yake dawowa, wani lokaci da karyayyen haƙarƙari ko muƙamuƙi saboda harbin kofato. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shi ya sa yake zaɓen tsohuwa, da gurguwa, da ɗan da bai yi ƙwari ba. Rayuwar tasa gajeruwa ce, shekara huɗu zuwa biyar ga yawancinsu. A cikin gandun, abin da ya fi kashe kyarkeci shi ne ɗan'uwansa kyarkeci, a faɗan iyaka. Kukan nan nasa mai tsawo da ake ji da dare kira ne ga dangi, kuma gargaɗi ne ga maƙwabta. A wajen gandun kuwa, mutum ne ajalinsa.

Turawan da suka mamaye yammacin Amurka a ƙarni na 19 sun kusa ƙarar da ɓauna, suka zuba shanu da tumaki a gurbinta. Kyarkeci ya juya ga abin da ya samu, aka ɗaura masa yaƙi da guba da tarko da ladan kisa, gwamnati na biya. A 1926 aka kashe na ƙarshe a Yellowstone. Sai da dokar kare halittun da ke gab da ƙarewa ta 1973 ta zo aka soma batun gyara. A 1995 da 1996 an kawo 31 Yellowstone, an saki 35 a tsakiyar jihar Idaho, inda ƙabilar Nez Perce ta karɓi aikin kula da su bayan majalisar jihar ta ƙi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a saurari makiyayi da kyau. Masu goyon bayan kyarkeci sukan kawo lissafin ma'aikatar gona, wanda ya nuna cewa ciwon huhu da sanyi da matsalar haihuwa sun fi kashe shanu nesa, rabon kyarkeci bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Lissafin gaskiya ne, sai dai na ƙasa ne baki ɗaya. Asarar ba ta rarrabuwa daidai. Kan mutum ƙalilan take sauka, waɗanda makiyayarsu ke bakin daji. Mutumin da ya wayi gari ya tarar da maruƙansa a yashe ba zai sami sanyin zuciya daga kashi 1 cikin 100 ba. Ga kuma asarar da ba ta shiga takarda: shanun da ake kora dare da rana ba sa yin ƙiba, wasu ba sa ɗaukar ciki. Makiyayin ya ga mutanen birni suna zuwa da abin hangen nesa suna kallo, har wani bincike na Jami'ar Montana na 2006 ya ƙiyasta cewa masu zuwa kallon kyarkeci na kashe kimanin dala miliyan 35 a shekara a yankin, kuɗin na shiga otal da gidajen abinci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga wannan ɓacin rai aka sami maganar da ake raɗawa a karkarar can: ka harbe, ka binne, ka ja bakinka.

Akwai diyya, amma sai an tabbatar da mai laifi, kuma nan ne wuyar take. Duk ɗan makarantar allo ya san kyarkecin da aka yi wa ƙazafi a ƙissar Annabi Yusuf, aka shafa wa riga jinin ƙarya aka ɗora masa. Jami'in da ke binciken gawar ɗan maraƙi a jihar Montana wannan tambayar yake fuskanta. Yakan feɗe fatar ya duba ko akwai taruwar jini a ƙarƙashin cizon, alamar cewa dabbar na da rai aka kama ta, ya auna tazarar haƙora, domin kyarkeci na cin mushe, ganin sawunsa kusa da gawa ba hujja ba ce. Sau da yawa kuma ƙazafin ba ƙazafi ba ne, ya ci ɗin, sai dai gawar ta ɓace a duwatsu, babu abin nunawa. Saboda haka jihar Wyoming ke biyan kuɗin maraƙi har ninki bakwai a wasu yankuna kan kowane ɗaya da aka tabbatar.

Kukan maharbi daban ne. Garken elk na arewacin Yellowstone ya kai kimanin 19,000 a 1994, ya sauko ƙasa da 4,000 a 2013. Masu kai baƙi farauta sun rasa ciniki, suka nuna kyarkeci da yatsa. Yana da hannu, babu musu, amma beyar da damisar dutse da fari da harsashin maharban kansu duk sun ci nasu rabon. Garken ma ya yi wa dajin yawa a da, yana cinye tsiron itatuwan bakin rafi. A wannan gaɓa ban ga hujjar maharbi ta kai ta makiyayi ƙarfi ba: saniya mallakar mutum ce, naman daji kuwa ba a rubuta wa mai bindiga shi kaɗai ba.

Doka ta yi ta kai-komo. A 2011 Majalisar Dokokin Amurka ta cire kyarketan Montana da Idaho daga kariya ta hanyar wani saƙale a kasafin kuɗi. Wyoming ta samu nata a 2017, inda a kusan kashi 85 cikin 100 na faɗin jihar ake iya kashe shi kowane lokaci ba lasisi. A 2021 Idaho ta yi dokar da ta buɗe ƙofar rage su daga kimanin 1,500 zuwa 150, Montana ta halasta zarge da sa nama a tarko. A hunturun 2021 zuwa 2022 aka kashe kyarketan Yellowstone 25 da suka ƙetare iyakar gandun, iyakar da ba su san da ita ba. A can jihar Wisconsin, cikin Fabrairun 2021, an ware wa maharba 119, suka kashe 218 cikin ƙasa da kwana uku. 'Yan ƙabilar Ojibwe sun ƙi taɓa nasu kason, domin a tarihinsu na baka kyarkeci ɗan'uwan mutumin farko ne, tare suka zaga duniya, kuma abin da ya sami ɗaya zai sami ɗayan. A 2024 wani mutum a Wyoming ya take ƙaramar kyarkeciya da babur ɗin ƙanƙara, ya ɗaure mata baki ya kai ta mashaya ana kallo kafin ya kashe ta. Tarar farko da aka ci shi dala 250 ce. Maharba da makiyaya da dama sun fito sun yi tir da shi, kuma sun kyauta.

Abin da ya fi ba da sakamako shi ne abin da Bafulatani bai taɓa bari ba: tsayawa da dabba. Makiyayin Amurka ya saba sakin shanu a tsaunuka wata da watanni ba mai tsaro, al'adar da ta kafu a shekarun da babu kyarkeci. Yanzu wasu sun koma ɗaukar mahaya dawaki masu bin garke, da manyan karnukan gadi, da igiya mai jajayen ƙyallaye da kyarkeci ke shakkar ƙetarewa na ɗan lokaci. A kwarin Blackfoot na Montana ana kwashe mushe daga gonaki don kada ya jawo namun daji. Rigakafi ya fi magani, sai dai yana cin kuɗi da lokaci.

A 2020 masu zaɓe a jihar Colorado suka amince a dawo da kyarkeci da ƙuri'a kashi 51 cikin 100, yawancinta daga birane, aka saki goma na farko a Disambar 2023 a yankin makiyayan da suka ƙi. Kyarkeci na da haƙƙin zama a ƙasar da ya riga shanu, kuma kisan ƙeta ba kula da daji ba ne. Amma wanda ya kaɗa ƙuri'ar dawo da shi, wajibinsa ne ya biya albashin mai gadin garke da diyyar maraƙi, a kan lokaci, ba tare da an wahalar da makiyayi ba.