Tartsatsin Da Fis Ba Ya Gani

Idan hunturu ya kama, iska ta bushe, ’yan kasuwar Ƙauran Namoda da Zurmi da masu cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis sukan kwana da fargabar gobara. Sun ji abin da ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 da babbar kasuwar Sakkwato a 2021. Da yawansu kuwa sun ɗauka cewa muddin akwai fis a shago, wutar lantarki ba za ta ci su ba.

Aikin fis ɗaya ne: ya tsinke idan wutar da ke bin waya ta wuce ƙima. To amma a ɗauki wayar da ɓera ya gwaguya a ɗakin ajiyar gyaɗa, ko haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda. A nan lantarki yakan tsallake ’yar tazarar da ke tsakanin bakunan waya ta cikin iska. Irin tartsatsin da mai walda ke narka ƙarfe da shi ke nan, zafinsa dubban digiri. Robar waya takan ƙone ta zama gawayi, gawayin kuma ya buɗe wa wutar hanya. Duk wannan yana faruwa alhali yawan wutar bai wuce na kullum ba, don haka fis ba ya ko motsi.

Na’urar gano tartsatsi, wadda ake kira AFCI a Amurka, AFDD a Turai, tana duba kamannin wutar ne. Wutarmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, a tsare. Tartsatsi kuwa yakan mutu ya sake tashi sau 100 a daƙiƙa, yana barin zazzaɓen da ’yar kwamfutar cikin na’urar ke ganewa, nan take ta yanke wuta. Wuyar aikin ita ce rarrabe wannan da ƙyallin da makunni ke yi idan an danna shi, wanda ba shi da illa.

Ƙa’idar haɗa wuta ta Amurka ta wajabta ta a ɗakunan kwana daga 2002. A nan gida tsada ta sa ba a cika ganinta ba. Kuma layin da ya fito daga gare ta kaɗai take tsarewa. Wayar da aka jawo daga janareton maƙwabci kai tsaye ba ta cikin lissafinta.