Daga Jos Zuwa Amurka: Likitan Da Ya Fallasa Illar Buguwar Kai, Da Abin Da Ya Shafi Ɗanki

Uwargida, idan ɗanki ya dawo daga filin ƙwallo yana dafe da kai, abin da kike fara dubawa shi ne ko akwai jini. In babu jini, babu kumburi, sai hankalinki ya kwanta, ki ba shi ruwa ki ce ya je ya huta. Haka yawancin iyaye mata ke yi, a Jibiya da sauran garuruwa. To amma akwai wani likita ɗan Najeriya da ya shafe sama da shekara 20 yana faɗa wa duniya cewa raunin da ido ba ya gani a kai yakan fi na waje haɗari. Sunansa Dakta Bennet Omalu.

Wane ne shi?

An haifi Omalu a shekarar 1968 a yankin da ke jihar Anambra a yau, ana tsakiyar yaƙin basasa. Shi ne na shida cikin 'ya'ya bakwai. Ya shiga karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka yana ɗan shekara 16, ya gama a 1990, sannan ya yi aikin likita na shekara uku a Jos. A 1994 ya tafi Amurka ƙaro ilimi. Ya fara zama a birnin Seattle, ya koma New York, daga bisani ya samu aiki a birnin Pittsburgh, a ofishin da ke binciken gawa don gano musabbabin mutuwa.

Mutumin Jibiya ba sai an yi masa bayanin tsallaka iyaka ba. Kullum motoci na bi ta Magama zuwa Maraɗi, kuma kowa ya san yadda baƙo ke taka-tsantsan a ƙasar da ba tasa ba. Hausawa kan ce baƙo ko da idonsa makaho ne. Shi kuwa Omalu, baƙuntar ce ta sa ya ga abin da 'yan gari suka saba da shi har suka daina gani.

Gawar da ta sauya komai

A watan Satumba na 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan zari-ruga irin na Amurka, wanda ya ci kofin gasar sau huɗu da ƙungiyar Pittsburgh Steelers. Webster ya rasu yana da shekara 50, bayan ya sha fama da mantuwa da ruɗewa, har ya kai yana kwana a cikin mota. A garin gwarzo ne, amma Omalu bai ma san wasan ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne: me zai sa mutum mai ƙarfi haka ya rikice tun bai tsufa ba?

Da ya duba ƙwaƙwalwar da ido, bai ga komai ba. Bai haƙura ba, ya biya kuɗin ƙarin gwaje-gwaje daga aljihunsa. A ƙarƙashin madubin bincike ya ga wani sinadari da ake kira tau ya taru ya cunkushe sassan ƙwaƙwalwar, irin abin da ake gani ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Ya danganta hakan da buguwar kai ta shekara da shekaru. A 2005 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a wata mujallar likitoci, cutar kuma ta shahara da taƙaitaccen sunanta, CTE.

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Likitocin kwamitin hukumar gasar, wato NFL, sun nemi a janye rubutun. Shugaban kwamitin a lokacin likitan wata ƙungiyar wasa ne, kuma fanninsa ciwon gaɓoɓi ne, ba ƙwaƙwalwa ba. Nan ne matsalar likitan ƙungiya take: ƙungiya ke biyansa albashi, ita ce kuma ke son ɗan wasa ya koma fili da wuri. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Kafin nan, a 2015, an yi fim kan rayuwar Omalu mai suna Concussion, inda Will Smith ya fito a matsayinsa.

Har yau akwai masana da ke ganin Omalu yakan zuzuta haɗarin a wasu maganganunsa. Kuma gaskiya ne ba duk wanda ya bugu a kai ke kamuwa da cutar ba, sannan ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa. Abin da babu gardama a kai shi ne yawan buguwar kai na cutar da ƙwaƙwalwa.

Daga ƙanƙarar Kanada zuwa filin dambe

Maganar ba ta tsaya kan wasa ɗaya ba. A Kanada da arewacin Amurka akwai hoki, wato ƙwallon gora da ake yi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifi a ƙasa. Gudu ake yi kamar iska, ana bangazar juna, wani lokaci har a dambace a tsakiyar fili. Derek Boogaard, ɗaya daga cikin 'yan wasan da suka yi suna wajen irin wannan faɗa, ya rasu a 2011 yana da shekara 28, kuma masana a Jami'ar Boston sun gano cutar a ƙwaƙwalwarsa. A shekarar ce hukumar gasar hoki ta NHL ta kafa dokar cewa duk ɗan wasan da ake zargin ya bugu a kai, a fitar da shi zuwa wani ɗaki da babu hayaniya likita ya duba shi. Shi kuwa Omalu ya sa hoki cikin wasannin da yake ganin bai kamata yaro ya yi ba kafin ya kai shekara 18, tare da dambe da zari-ruga.

Kina iya cewa ina ruwanki da ƙanƙara, kina Jibiya. To, tun a 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya fara bayyana irin wannan lalura a jikin 'yan dambe. Dambe kuwa namu ne, kuma a filinsa faɗuwar abokin karo ake jira, har ana kiranta kisa. Ƙwallon ƙafa ma ba ta tsira ba. Wani bincike na Jami'ar Glasgow a 2019 ya nuna tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sukotlan sun ninka sauran mutane kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Amurka kuma tun 2015 ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai. Ki haɗa da faɗowa daga babur, daga bishiya, ko daga amalanke ranar kasuwa.

A filin unguwa babu likitan ƙungiya, babu ɗakin duba kowa. Ke ce likitan.

Abin da za ki lura da shi

Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi da ke cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, ko ya fizgu da ƙarfi, sai ta girgiza ta bugi ƙashi daga ciki. Yawancin waɗanda hakan ta same su ba sa suma, don haka kada rashin suma ya yaudare ki. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gani dishi-dishi, ƙin haske ko hayaniya, da maimaita tambaya ɗaya. Wasu ba sa bayyana sai bayan sa'o'i, ko washegari.

Ki garzaya asibiti nan take idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan: amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai da ke ƙaruwa, barcin da ba a iya tada shi, jijjiga, maganar da ba ta fita daidai, mutuwar hannu ko ƙafa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan buɗewa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci. Ga jariri kuwa, kukan da ba ya tsayawa da ƙin kama nono. Ki fara da Babban Asibitin Jibiya ko asibiti mafi kusa, in sun tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina kada ku jinkirta. Idan yaro ya fara surutai bayan ya bugu, ki yi masa addu'a kuna kan hanyar asibiti, domin jini na iya taruwa a cikin kai.

In babu waɗannan alamu, dokar farko ita ce ba zai koma wasa a ranar ba, ko da ya rantse ya warke, ko da abokansa na ƙofar gida suna kiransa. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi muni. Ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, ki rage masa kallon waya da talabijin, kuma babba ya kasance kusa da shi a daren farko. Farasitamol ya isa don ciwon kai, ki guji asfirin domin yana tsinka jini. Daga nan ya koma makaranta da wasa sannu a hankali. Yawancin yara kan warware cikin mako huɗu. In ya wuce haka, ku koma wurin likita.

Ba cewa ake ki hana shi ƙwallo ba, motsa jiki lafiya ne. Ki dai roƙi babansa ko kocinsu a daina sa ƙananan yara atisayen buga ƙwallo da kai, a samo hular kwano ga mai hawa babur, a kuma dakatar da yaro daga dambe har ya girma. Ki koya masa cewa faɗin "kaina na juyawa" ba ragwanci ba ne, domin yawancin yara maza ɓoyewa suke yi don kada a yi musu dariya.

Ko ɗanki ya taɓa buguwa a kai a wurin wasa? Me kika gani, kuma me kika yi? Ki rubuto mana a ƙasa domin sauran iyaye su amfana. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya raya su cikin ƙoshin lafiya.