Baƙin tabo a tafin ƙafa: abin da jini yake faɗa wa lokotoro

Jama'a manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana kan wani ciwon daji na fata. Lokotoro suna kiran shi melanoma. Ga Turawa, zafin rana ne yake yawan kawo shi. Ga mu baƙar fata, ya fi fitowa inda rana ba ta duka: tafin ƙafa, dunduniya, tafin hannu da ƙarƙashin akaifa.

Yadda yake farawa

Yana farawa da ɗan baƙin tabo marar zafi. Manomin Tsarnawa da ya wuni cikin fadamar albasa zai ce ƙaya ce. Makiyayin Illela zai ce faso ne. Ana nan tabon ya faɗaɗa, bakinsa ya karkace, ya fashe, ya zama gyambon da ba ya warkewa. Daga nan kaluluwa ta fito a matsematsi. In an bar shi, sai ya bi jiki ya kai hanta, huhu da ƙwaƙwalwa.

Haka ya faru ga mawaƙin nan na ƙasar Jamaika, Bob Marley. A 1977 aka ga ciwon ƙarƙashin akaifar babban yatsan ƙafarsa. Da farko an zaci raunin ƙwallo ne. Ya rasu a 1981, yana da shekara 36.

Mine ne ke faruwa cikin jiki?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Suna aika wa juna saƙo, kamar yadda mai gari yake aika mai shela. Wani saƙo ya ce: ku hayayyafa. Wani ya ce: ku tsaya. A ciwon daji, mai shelar "ku hayayyafa" ne ya ƙi yin shiru. A 2002 masana suka gano cewa wani mai kai saƙo, mai suna BRAF, yana lalacewa a yawancin masu wannan ciwo da suka duba. Tun 2011 akwai maganin da yake toshe shi. Amma yana da tsada ƙwarai, kuma wannan lalacewa ba ta da yawa a irin na tafin ƙafa, wanda shi ne namu.

Shaidar da ke cikin jini

In gara ta ci rumbu, ƙasar da ta tara ce take tona mata asiri. Haka ciwon daji yake barin shaida cikin jini. Babbar shaida ita ce wani sinadari da ake kira LDH. Yana cikin ƙwayoyin jikin kowa. In ciwo ya yaɗu, sai ya ƙaru cikin jini. Akwai wata shaidar kuma mai suna S100B. Da su lokotoro yake auna nisan da ciwo ya yi, ya kuma ga ko magani yana ci.

Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya: LDH yana hawa ga mai ciwon hanta, mai zazzaɓin sauro, da mai sikila. Hawansa kaɗai ba ya nufin daji. Sai an yanki ɗan naman tabon an duba shi da madubin likita ake tabbatarwa. Na biyu: sa'ad da ciwon yake ƙarami, jini yakan fito lafiya lau. Jini ba ya magana sai ciwo ya yi nisa. Ido ne yake kama shi da wuri.

Abin da za mu yi

1. Mu duba tafin ƙafa lokacin alwala ko wanka. Mu duba wa tsofaffinmu.
2. Tabon da yake girma, ko yake sake launi, ko yake zubar da jini, a kai shi likita.
3. Gyambon da ya yi wata guda bai warke ba, kada a yi masa sakiya, kada a kai wa wanzami.

Likitar ƙauye za ta tura mutum asibitin Ƙwanni, ko na Galmi, ko na Tawa. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa. In an yanke tabon tun yana ƙarami, yawancin mutane suna warkewa. In an makara, ana iya rasa ƙafa, ana iya rasa rai.

Kai da ka iya karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan shafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.